Zanar da Ba Ta Cikin Zane

Direban motar hayar da muka shiga a Kano bai bari mun zauna cin abinci a Azare ba, a Potiskum ma ta taga muka sayi ƙosai da ruwan leda. Azahar da la'asar a Damaturu muka haɗa su, a gurguje. Lissafinsa ɗaya ne: mu wuce Benisheikh da Mainok da Jakana rana na sama, mu shiga Maiduguri kafin sojoji su rufe hanya. Duk mai bin wannan titi ya san abin da ya faru a Auno a Fabrairun 2020, da matafiya suka iso an rufe ƙofar shiga gari suka kwana cikin motoci, 'yan Boko Haram suka afka musu da dare, suka kashe aƙalla mutum 30, suka banka wa motocin wuta. Da muka zo wucewa ta wurin, hirar siyasar da aka taso da ita tun daga Wudil ta mutu murus. Sai da muka wuce shingen Njimtilo direba ya kunna rediyo.

Zanen gine-gine na karanta a Zariya, amma tun da na gama, abin da ke zuwa hannuna bai wuce shagunan haya da ciki da falo ba. Wata tsohuwar malamata ce ta haɗa ni da wata 'yar tawagar bincike da ke yi wa wata ƙungiyar agaji aiki. So ake a san yadda za a gyara matsugunan 'yan gudun hijira: wurin kwana, wurin girki, ban ɗaki. Nawa aikin in auna, in zana, in kasa kunne. Ƙarshen 2024 ne, sanyin hunturu ya fara sauka.

Yerwa, wato Maiduguri, ta tarbe ni da inuwar dogon yaro a jere a bakin tituna, da Keke Napep ko ta ina, don tun 2011 aka hana hawa babur a garin. Ga mata cikin lafaya, ƙamshin turaren wuta na bin su. Amma abin da idona ya fara kamawa layin jikin katangu ne. A Gwange da wajen Kasuwar Monday za ka ga wani layi mai launin laka ya bi bango a miƙe, nan iya ƙugu, can ya haura kan mutum. Shaidar ruwan 10 ga Satumba ke nan, ranar da madatsar Alau ta ɓalle kogin Ngadda ya cika ya batse. Ruwan ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya rusa katangar gidan yari, ya halaka dabbobin gidan ajiye namun daji. Rabon garin da irinsa tun 1994. Cikin waɗanda suka fito da tabarma a ka, akwai masu fitowa karo na biyu da na uku.

Kafin ruwan, gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta riga ta rufe manyan sansanonin gwamnati na cikin gari tsakanin 2021 da 2022, irin su Bakassi da Teachers' Village da Dalori. Hujjar gwamna ita ce mutum ba ya dawwama a sansani yana jiran buhu, a koma gida a yi noma mutunci ya dawo. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch kuwa ta fitar da rahoto a Nuwamban 2022 cewa an fitar da mutum fiye da 140,000 daga sansanoni takwas ba tare da isasshen tanadi ba. Abin da ya shafi aikinmu shi ne da yawa ba su koma ƙauyukansu ba. An karɓi kuɗin sallama, an zagayo an kafa bukka a filayen mutane a gefen gari, ko an raɓe a kangwaye da gidajen 'yan uwa. Da ma ƙididdigar IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, ta daɗe tana nuna cewa cikin mutum fiye da miliyan 2 da rikicin ya raba da gidajensu a arewa maso gabas, na cikin gari sun fi na sansani yawa.

A irin wannan fili muka yi yawancin aikinmu, a ƙasar Jere. Ba zan faɗi sunansa ba, haka muka yi alkawari. Wani attajiri ne ya ba da aronsa saboda Allah, da sharaɗi guda: ba bulo, ba siminti, ba abin da zai sa gobe a ce an mallaki wurin.

Kafin mu gama gaisawa da Bulama, mai unguwar filin, layi ya kafu a bayan motarmu. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, kowa da kati a hannu, wasu katunan ma na sansanonin da aka rufe tuntuni ne, an naɗe a leda ana ajiya. An ga farar mota da masu riƙe da kwamfutar hannu, to rubuta suna aka zo yi. Sai da shugabar tawagarmu ta yi bayani aka juya da Barbarci: ba rabo muka kawo ba, wanda ya amsa tambaya ba zai samu komai ba, wanda ya ƙi ba zai rasa komai ba. Rabin layin ya watse. Bulama, dattijo mai farin gemu da ya yi fatauci a Kano da ƙuruciya, ya dube ni ya ce da Hausa tas:

"'Yata, ku ne na nawa ma na daina ƙirgawa. Masu ƙirga masai sun zo, masu ƙirga yara sun zo, masu auna damtse sun zo. Kowa ya tambaya, ya rubuta, ya tafi. Ko ɗaya bai dawo ya ce ga abin da na rubuta a kanku ba."

"Baba, in sha Allahu mu za mu dawo da namu."

"Allah ya sa," ya ce, irin wadda ake ce wa mai cin bashi in ya ce gobe zai biya.

Mu Hausawa mun saba ɗauka daga Sakkwato har tafkin Chadi Hausa ta gama magana. A kasuwa haka ne. A bayan danga kuwa da sauran zance. Mutanen filin Barebari ne da Shuwa da Gamargu, daga Mafa da Dikwa da Marte. Mazan na jin Hausar ciniki, matan da suka manyanta a ƙauye da yawansu daga gaisuwa sun tsaya. Ƙungiyar masu fassara ta Translators without Borders ta bincika wannan a Borno tun 2017, ta nuna cewa ƙungiyoyin agaji da Hausa suka fi isar da saƙo, alhali ba ita ce harshen gidan mafi yawan waɗanda ake yi dominsu ba, kuma matan da ba su yi boko ba aka fi bari a baya. Don haka ni "Afuno", wato Bahaushiya da Barbarci, kamar yadda yara ke kirana suna gudu, sai na koma 'yar rakiya. Wata budurwa Babarbariya da ta yi 'yan matancinta a sansanin Bakassi, yanzu tana jami'ar Maiduguri, ita ce bakina ita ce kunnena.

Mun fara da tambayoyin da aka loda mana a manhajar KoboToolbox. Daga ma'aunin Sphere aka tsamo su, ƙa'idojin da ƙungiyoyin agaji suka fara tsarawa a 1997 bayan abin da ya faru a sansanonin 'yan Ruwanda a Goma, inda kwalara ta kashe dubban mutane cikin makonni a 1994. Kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri da lita 15 na ruwa a rana, masai ɗaya kada ya wuce mutum 20, kada kuma ya yi nisa da ɗaki fiye da mita 50. Ban raina waɗannan lambobi ba, rayuka aka rasa kafin a same su. Amma ka tambayi matar da aka ba ɗaki kyauta, gaban baƙi, Bulama na tsaye, wai ta gamsu sosai, ko daidai, ko a'a? Amsa ɗaya ce. Muka cika kwamfuta da Alhamdulillahi.

A kowane taron ƙungiyoyi sai wani ya kawo karin maganar nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne. Sai dai ba lallai ya faɗa wa baƙo ba, balle baƙon da ya ba shi ɗakin. Amma zai tara kwano a wurin. Sai muka rage tambaya muka koma neman inda aka tara kwano: me mutane suka ƙara, me suka toshe, ina suka ɓula a jikin abin da aka ba su.

Gidan wata dattijuwa da kowa ke ce wa Iya na fi daɗewa a ciki. Asalinsa irin wanda aka raba wa kowa ne, firam ɗin katako da aka lulluɓe da farin tamfol mai tambarin ƙungiya, ƙofar langa-langa ɗaya tana kallon layi, taga ɗaya. A zanen injiniya ɗakunan a jere suke, ƙofa na kallon ƙofa, don motar ruwa ta samu hanya, a kuma ji daɗin ƙirga. Iya ta ɗaure wannan ƙofa da waya ta jingina mata buhunan kaya. Ta yanka tamfol ta gefen da ba ya kallon kowa, ta naɗe bakin da tsohon zani ta ɗinke da zaren buhu don kada ya ci gaba da yagewa. Nan ce ƙofa yanzu. A gabanta ta kewaye ɗan fili da zana, tsayinta ya ɗan ɗara na namiji a tsaye, kuma ba a shiga kai tsaye. Zana ɗaya ta shige gaban ɗaya, sai ka karya kwana, ta yadda mai wucewa ba ya hango ciki ko da babu ƙyaure. Na auna filin, taku huɗu ne a uku. A nan murhu yake, da tulun da aka binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi, da igiyar shanya, da wani lungu da aka zuba wa tsakuwa, wurin wanka da fitsarin dare. A kan rufi ta shimfiɗa tsofaffin tabarmi da karan dawa ta danne da tayar keke, saboda da bazara, in ji ta, daga hantsi ba mai iya zama ƙarƙashin tamfol. Gindin ɗakin an tara masa ƙasa an daddaɓe tun kafin ruwan Alau.

A ciki, labulen atamfa ya raba ɗakin biyu. Iya da jikokinta mata a gefe guda, surukarta da ƙananan yaranta a ɗaya gefen. Na tambaya ina jikanta namiji ke kwana, wanda na gani yana tura baro. Tafintata ba ta ma juya tambayar ba, da kanta ta amsa: a rumfar masallaci, shi da sa'o'insa. Yaron da ya balaga ba ya kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa mata da matar kawunsa. A lissafin mita, matsugunin Iya ya kusa cika ƙa'ida. A nata lissafin ɗaki aka ba ta, gidan ita ta yi, da kuɗin waken rabo na wata guda da ta sayar ta sayi zana.

Na zana gidaje da dama a layin, kusan duk wanda ya samu ɗan hali abin da ya fara saya ke nan, kafin katifa, kafin kwanon rufi. Ɗakin da ka gani tsirara, in ka bincika, na wanda ba shi da ko sisi ne, matar ɗakin kuma a gidan maƙwabta take wuni.

Matsalar ita ce zana abincin wuta ce. Injiniyan tawagarmu, wani Bamargi da ya yi shekaru yana tsara sansanoni, ya ga zanena ya riƙe kai. Ya yi aiki inda gobara ta lashe layi bayan layi kafin a ɗebo bokiti goma, ya kuma tuna mana da gobarar sansanin Ngala ta Afrilun 2020 da ta ci rai 14. Ratar da ake bari tsakanin ɗakuna, in ji shi, ita ke hana wuta tsallakawa, ga shi an cike ta da busasshiyar ciyawa, ga iskar hunturu, ga garwashin da ake shiga da shi ɗaki saboda sanyi. Shawararsa wadda aka saba ce: a cire zana, a yi wurin girki na kowa da kowa can gefe, nesa da ɗakuna.

Muka kai maganar gaban mata, a tsakar gidan Iya, babu namiji ko ɗaya. Zancen cire zana dariya kawai suka yi masa. Na girkin tarayya kuwa shiru ya biyo baya. Can sai wata mai jego ta yi magana ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye, tafintata ta juya mini: "Ranar da ba ni da abin dafawa, a bayan zanata nake ɗora tukunyar ruwa, hayaƙi ya tashi, yara su yi barci suna jira, maƙwabta ba su san komai ba. A wurin girkin kowa da kowa me zan ɗora?"

Babu gurbin wannan amsa a manhajar, kuma a ganina babu abin da muka ji a tafiyar da ya kai ta nauyi. An sha gina irin waɗannan madafai a sansanoni a dawo a tarar da su wayam, awaki na kwana ciki, sai a rubuta a rahoto cewa mutane na buƙatar wayar da kai. Kansu a waye yake. Asirinsu suke rufawa.

Su ma ba son gobara suke ba, wasunsu da zanin jikinsu kawai suka taɓa tsira. Sun nuna mana abin da suke yi: ɗan bangon laka iya gwiwa da ake tare murhu da shi ta ɓangaren iska, bokitin yashi a kusa, da dokar da suka kafa tsakaninsu cewa in iska ta taso da rana tsaka ba a hura wuta sai ta lafa. Da yamma aka yi wa injiniya iso. Ya tsuguna gaban bangon lakar ya daɗe yana kallo, ya ƙwanƙwasa, sannan ya ce in aka ɗaga shi zuwa ƙirji, aka kuma yaɓe zanar da ke kusa da shi, zai iya sa hannu. Laka ba siminti ba ce, mai fili ba zai yi magana ba.

Daga murhu sai itace. Garuruwan Borno da yawa an zagaye su da rami, sojoji da 'yan kato da gora na tsaron mashiga, itacen kusa kuma an gama sare shi tuntuni. Mai son na kyauta sai ya tsallaka ya nausa daji. A watan Maris na shekarar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar sace mutum fiye da 200 a Ngala, yawancinsu mata da yara, waɗanda neman itace ya fitar da su. A nan, murhun da ke rage cin itace yana rage yawan fitar mace bayan rami ne. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta koya wa mata gina murhun laka mai tsimin itace a Maiduguri da Jere da Konduga, na kuwa ga irinsu a kan wuta. Na kuma ga wani na ƙarfe, kyakkyawa, ɗan siriri, da wata ƙungiya ta raba, an kife shi an mai da shi kujera. Da na tambaya, Iya ta juyo shi ta ɗora tukunya, ta kama muciya ta yi tuƙi ɗaya, biyu, murhu da tukunya suka yi gefe. Wanda ya ƙera shi ruwa ya tafasa a kai, bai taɓa tuƙa tuwon mutum goma ba.

Abin takaicin shi ne an taɓa warware wannan a Darfur. A 2005 wani masanin kimiyya na Berkeley a Amurka, Ashok Gadgil, ya je sansanonin can da tawagarsa da murhuna iri-iri, suka gwada su da girkin wurin, da tukwane masu zagayen gindi, da asida wadda tuƙinta ɗaya da na tuwonmu. Abin da suka gani a hannun matan ya sa aka yi ta sake fasalin murhun, aka yi masa ƙafafun da za su riƙe shi da kariyar iska. Kusan shekara 20 ke nan, labarin bai iso wasu ofisoshin ba.

Zancen ban ɗaki da taswira muka yi shi. Aka share ƙasa, aka ba mata duwatsu da murafan kwalba da toka, suka shata unguwar: ga famfo, ga masallaci, ga mai shayi, ga masai. Muka ce su barbaɗa toka duk inda ba sa son bi. Toka ta taru a gaban ban ɗakin da ya fi kowanne kyau, mai fenti, mai fitilar sola a sama. Ƙofofinsa na kallon inuwar da maza ke zama, da rana mace ba za ta ɗauki buta ta ratsa gaban surukinta ba. Da dare kuwa fitilar nan ita kaɗai ce haske a unguwar, samari sun mai da ƙarƙashinta majalisa, ana karta ana kallon waya. Sakatar ciki ta lalace. Don haka mata ke rage shan ruwa da rana, da dare a yi a fo ko a leda a bayan zana. Ƙungiyar agaji ta Oxfam da jami'ar Loughborough ta Ingila sun ci karo da irin haka a binciken da suka yi kan fitilu a sansanonin Iraƙi da Uganda da Najeriya, cewa in ban ɗaki kaɗai aka haska, hasken kan jawo taron maza. A takardarmu an ƙirga ramuka an raba da yawan mutane, lissafi ya fita tsaf. Gyaran da matan suka nema kuwa bai kai kuɗin man motarmu na yini ba: zana a gaban ƙofofi, sakata, ƙusar rataya mayafi, sai a kafa wata fitila wajen mai shayi samarin su bi ta can.

Na so ƙwarai in je Ngarannam, a ƙaramar hukumar Mafa. Ƙauye ne da Boko Haram ta tarwatsa a 2015, gwamnatin Borno da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka sake gina shi, aka buɗe a Oktoban 2022 da gidaje 360 a kashin farko cikin 500 da aka tsara, da makarantar firamare da kasuwa da ofishin 'yan sanda. Wadda ta zana shi, Tosin Oshinowo, daga Legas take, kuma abin da ya sa sunan aikin ya zagaya duniya shi ne ta zauna da mutanen ƙauyen kafin ta ja layi, har ta sa wa gidajen zaure, inda baƙo namiji zai tsaya bai ga cikin gida ba. Mai kula da tsaron tawagarmu ya ce a'a, hanyar ba ta cikin waɗanda aka yarje mana a lokacin. Haka aikin ya gada. Garuruwa irin su Monguno da Ngala da Rann da Damasak, ma'aikatan agaji da jirgi mai saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya suke zuwa, ƙauyukan bayan rami kuwa ba mai leƙa su. Abin da rahotanni ke kira ra'ayin 'yan gudun hijira, yawanci ra'ayin waɗanda mota ke iya kaiwa gare su ne ta dawo kafin la'asar. Namu ma haka.

Sai na nuna wa Bulama hotunan Ngarannam a waya. Ya sa tabarau ya daɗe yana ja da yatsa. Zauren ya burge shi, ya ce wannan yarinya an yi mata tarbiyya. Sannan ya ɗago.

"Gona fa? Ina ne iyakar inda soja ke bari a je?"

Ya tuna mini da manoman shinkafar Zabarmari, ta wannan ƙasa ta Jere da muke zaune, da aka yi wa yankan rago a Koshebe a Nuwamban 2020. Shi dai, in ji shi, ranar da aka ce masa zai iya kwana a gonarsa ta firgi, baƙar ƙasar nan mai laka, ko bukkar kara ce zai koma. Kafin nan a bar shi kusa da kasuwa, inda yaransa ke samun dako.

Kafin mu bar gari mun cika alkawari. Zanen takarda, wanda ake kallon gida ta sama, bai ce wa kowa komai ba, don haka muka kwana muna haɗa ɗan gida na kwali da tsinken tsintsiya da ledar buhu, rufinsa na ɗaguwa. Muka ajiye shi a tabarma, mata suka fara. Ya sha hannu. Iya ta ɓalle ƙofar da ke gabas ta liƙa ta ta wani gefen, ta ce hadari da guguwa daga gabas suke tasowa, wa ke buɗe musu ƙofa? Surukarta ta matsar da murhu kusa da bakin ɗaki don ta riƙa ganin yara tana girki, mai jegon nan ta mayar da shi nesa saboda hayaƙi, aka yi ta ja har aka tashi ba a daidaita ba. Muka rubuta duka biyun. Da aka kai wa maza, abu ɗaya suka ƙara, 'yar rumfa a waje bakin zana, ko ta tabarma ɗaya ce, inda mai gida zai karɓi baƙo.

Kafintan unguwar, shi ma ɗan gudun hijira ne daga Dikwa, bai ce komai ba sai da kowa ya gama. Ya ɗauki gidan kwalin ya juya shi, ya tambayi injiniya da me za a haɗa katakon.

"Da ƙusa mana, Malam."

"A'a, ranka ya daɗe. A sa noti. Ƙusa in za a cire sai ta fasa katako."

Ya kai mu ƙarshen filin ya nuna mana wasu 'yan turakun siminti sababbi, a jere cikin ciyawa, da lamba a jikinsu. Makon da ya wuce wasu suka zo da igiyar awo suka kafa su. Ba wanda ya ce musu su tashi tukuna, amma ba yau suka fara ganin turaku ba. Ɗakin da yake so a zana shi ne wanda mutum biyu za su kwance da safe, su loda a amalanke, su ɗaure a wani filin kafin dare, katako bai lalace ba.

Injiniya ya buga lissafi a waya ya ce noti zai ɗaga kuɗin kowane ɗaki, kasafin kuma an riga an rufe shi da ƙusa. Kafinta ya ce a ba shi katako da noti na ɗaki ɗaya ya gwada a gidan Iya, in ya kwance ya ɗaure kafin azahar a biya shi, in ya kasa ya yafe ladansa. Shugabar tawaga ta ce sai ta tambayi ofis.